Kofin da Bai Yi Tururi Ba

Masu ninkayar dogon zango suna da wata doka da kowane koci ke cusa wa yaro tun bai iya sa hular ruwa daidai ba: kada ka yi gaba. Na gaba shi ke tsaga ruwa, shi ke shan wahalarsa. Na baya kuwa sai ya shige hanyar da aka buɗe masa, ya kwanta a kan kumfar ƙafafun wani, ya adana ƙarfinsa, sai an hango ƙarshe ya fito ya wuce. Wai haƙuri ke nan. To, an ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo, sai dai ba a taɓa gaya mana mutum nawa suka tsufa a gindin murhun ba.

Soizic Kerbrat, 'yar garin Douarnenez da ke bakin teku, da wannan doka ta ci abinci tun tana 'yar shekara goma sha takwas, lokacin da aka fara ɗaukar ta a tawagar Faransa. Ta yi iyo a tekun Italiya, ta yi a kogin Ajantina mai ruwan laka, ta yi a tafkunan Kanada masu sanyin da ke shiga haƙori. Ta kawo lambar tagulla daga gasar Turai har sau biyu. Kuma duk a bayan ƙafar wani ta same su. Abokan karawarta suka sa mata suna Kaska, don in ta manne maka ba ka da yadda za ka yi da ita. Ba duka ne suke faɗa da wasa ba.

Yanzu ta kai talatin da uku, gudun nan na ƙarshe da take yanka mutane da shi ya fara barin ta. Bara an yi awa biyar ana tafiya tare, da aka zo mita ɗarin ƙarshe sai yara huɗu suka wuce ta kamar an ɗaure ta a turke. Bana hukumar ninkaya ta yi magana a fili: gasar ƙasa ta kilomita ashirin da biyar, mace biyu na farko su za su tafi gasar Turai, sauran kowa ya kama gabansa. Ita Soizic ta sani, kowa ma ya sani, wadda aka sauke daga tawaga tana da waɗannan shekaru ba ta sake hawa.

Uwarta Maryvonne ita ke riƙe mata sanda tun farkon fari. A irin wannan tsere akwai dandamalin katako a bisa ruwa, inda kowane ɗan wasa ke da mutum ɗaya tsaye da doguwar sanda, kofi a bakinta. Duk zagaye, in ayari ya iso, kowa ya nemi tutar sandarsa, ya fizgi kofi, ya juya rigingine, ya kwankwaɗe, ya yar, ya ci gaba. Sauran masu riƙon sanda koci-koci ne, da agogo biyu-biyu a wuya. Maryvonne kuwa mai shagon fanke ce, irin siririn nan na mutanen yankinsu na Bretagne, kuma garin ƙarin kuzarin da likitan tawaga ke bayarwa ba ta yarda ta dama shi da ruwan sanyi ba. Shayi mai zafi take haɗawa, da zumar ƙanenta da ɗan gishiri, ta zuba a filas. An yi mata dariya shekara uku, daga baya aka gaji aka bari.

Ranar gasar gari ya waye da sanyi, ko da yake an shiga Yuni. Alƙalai sun riga sun duba farcen 'yan wasa, sun rubuta musu lamba a kafaɗa. Maryvonne na bayan mota tana shafa wa 'yarta basilin a wuya da hammata, inda riga ke ci.

"Mama, zagaye na bakwai ba zan sha ba."

"Ɗaga hannun. Ba za ki sha me ba?"

"Komai. Wuce ki zan yi."

Hannun Maryvonne ya tsaya. "Ni kika raina ko cikinki?"

"Ki saurara mana. Zagaye goma ne. In na bari aka kai ƙarshe tare, yaran nan za su cinye ni ɗanya kamar bara. A na bakwai, duk za su juya su sha, ni kuwa in sa kai in tafi. Kafin su farga na ba su rata."

"Awa guda cur ba komai a cikinki, a wannan ruwa? Ke 'yar nan, a gidanmu ko ranar da aka binne ubanki sai da aka zauna aka ci abincin rana, har da cuku. Tsohon kocinki Gildas ya san da wannan haukan?"

"Gildas yana can yana kamun kifinsa tun da ya yi ritaya. Lokacin da ya ce kada in yi gaba ina da ƙafafu. Yanzu numfashi kawai gare ni, shi zan sayar."

"Ba ki taɓa ja gaba ba, ko a layin burodi."

"To yau sai a fara." Soizic ta juyo ta dubi uwar. "Abin da nake so, ki miƙo sandar kamar kullum, ki yi ihunki kamar kullum. Fuskarki nake tsoro, Mama. Ke ba ki iya ɓoye komai ba. Duk layinmu na gane ranar da kwaɓinki ya lalace daga yadda kika buɗe ƙofar shago."

"Ni? Shekara talatin ubanki yana cin fanken da na sa wa man gyaɗa lokacin da likita ya hana shi man shanu, har ya mutu bai sani ba."

"Ya sani, Mama."

"Juya in shafa ɗaya gefen."

A kan dandamali, ƙuri'a ta haɗa Maryvonne kafaɗa da kafaɗa da Thibault Lasserre, wani koci ɗan kudu, siriri, mai tabarau, wanda bakinsa ba ya hutawa. Yarinyar da yake horarwa, Capucine, shekararta goma sha tara, ita ce ta zo ta ɗaya bara.

"A'a, Madam Kerbrat! Har yanzu ana nan? Na ɗauka bana za a bar wa jikoki."

"Ina nan, ɗan nan. Ranar da na fara tsayawa a kan katakon nan kai kana koyon iyo da robar hannu."

"Me aka dafa mana yau? Miyar kifi ce ko farfesu?"

"Abin da uwarka ta manta ta ba ka, shi ya sa iska ke neman ɗauke ka. Matsa min, kana taka min jaka."

Aka busa usur, mata ashirin da wani abu suka faɗa ruwa. Zagayen farko da na biyu ba abin kallo. Ayari ya dunƙule wuri ɗaya, kowa na jiran kowa, kamar baƙin da aka ajiye wa akushi ɗaya ana kunyar wanda zai fara sa hannu. Duk malami ɗaya ya koyar da su. In wata ta tsinci kanta a gaba sai ta rage, wata ta ture ta, haka aka yi ta jan jiki ana zaga manyan tulunan roba ja da aka kafa alama.

Duk isowarsu Maryvonne ta buɗe filas, ta cika kofi, ta miƙa sanda mai 'yar tutar Bretagne baƙi da fari, ta buɗe murya: "Soizic! Nan! Shanye duka, ban ce ki rage ba!" Iska kuwa daga gefenta take busowa, sai ta kwashi tururin kofin ta watsa wa Thibault a tabarau.

"Haba Madam! Kin sake makantar da ni. Wannan ai zagon ƙasa ne, zan kai ƙara wajen alƙali."

"Kai ƙara. Ka gaya masa tsohuwa ta kayar da kai da shayi."

Haka aka yi har zagaye shida, yana goge tabarau da gefen riga yana mita. A na shida Maryvonne ta lura leɓen 'yarta ya fara duhu.

Da ayari ya zagayo tulun can nesa a karo na bakwai, Maryvonne ta gyara fuska. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, a ba ta wannan. Ta yi hamma, ta tambayi Thibault ko gaskiya ne a garinsu da man zaitun ake wanka. Sannan ta sunkuya ta ɗauki filas, ta girgiza shi, ta ji abin da ya rage. Nan tunanin da ya fi ƙarfinta ya zo mata. Wannan kofi ba sha za a yi ba. Zai tsaya a iska ya huce a banza, alhali zagaye na gaba yarinyar za ta iso da yunwa biyu, tana bukatar mai zafi ninki biyu. Matar da ta tashi a gidan da ba a zubar da ɓawon burodi ba za ta iya ba. Ta mayar da filas, ta ɗauki gorar ruwan shanta, ta cika kofin da ruwan sanyi. Daga nesa ai kofi kofi ne.

Ta miƙa sanda. "Soizic! Nan! Shanye duka!"

Thibault ya riga ya kai hannu zai cire tabarau ya goge, don jiki ya saba. Sai ya ga tabarau garau. Ya dubi kofin, ya dubi matar, ya sake duban kofin. Ya janye sandarsa gaba ɗaya daga bisa ruwa, ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani fito mai tsaga kunne.

Ayari ya iso, hannuwa suka tashi sama, mata suka yi ta juyawa rigingine kamar kifin da aka zuba wa guba. Soizic ta wuce ƙarƙashin tutar uwarta ko ɗaga kai ba ta yi ba. Capucine kuwa ta ɗago neman sandarta, ta ga babu, ta ji fito, ta ga farar hular Soizic na tafiya. Yarinya mai kai ce. Ta sa fuska a ruwa ta bi.

Kafin sauran su yar da kofuna su juyo, su biyun sun yi nisan da ihu kawai ke kaiwa. Dandamali ya kaure, kowane koci na zagin yarinyarsa da sunanta.

Maryvonne ta tsaya da sanda a hannu, kofin ruwan sanyi na lilo a bakinta. Ta ji kamar katakon ya tsage ta shige.

"Madam Kerbrat," in ji Thibault, yana murmushi har kunne, "zagaye shida kina dafa min ido. Na bakwai sai na ga duniya tas. Na ce lallai yau akwai magana."

"Allah ya isa tsakanina da tabaranka."

"Ai ni godiya zan yi. Dubi can, kin ga inda tawa ta kwanta?"

Ta gani. Capucine ta manne a ƙafafun Soizic, ba ta gaba ba ta baya, hannunta na taɓa kumfar. Soizic ke tsaga ruwa, yarinyar na hutawa.

"Kai Thibault, ka ce wa yarinyarka ta karɓi gaba ita ma. Wannan ai rashin kunya ne, babba na noma yaro na kwance a inuwa."

"Rashin kunya? Madam, wa ya koya mana? Bidiyon 'yarki nake kunna wa yarana duk ranar Laraba. Shekara goma sha biyar tana shan jinin mutane, yau an ɗan ɗanɗana nata sai a yi kuka?"

Maryvonne ta zauna a kan jakarta ta rungume filas.

A zagaye na takwas ta cika kofin har baki, mai zafi, ta ƙara zuma. Soizic ta fizga, ta juya, idonta ya sauka a kan uwar ta cikin tabaran ruwa.

"Ina suke?"

"Sun yi nisa! Ɗaya ce a ƙafarki! Shanye!"

"Na ji ta," in ji Soizic, ta yar da kofi ta tafi.

Amma mai ja gaba shi kaɗai, ruwa ba ya raga masa. Cikin zagaye na tara hannun Soizic ya fara gajarta. Maryvonne ta san wannan hannu fiye da nata. In ya fara faɗawa ruwa kusa da kunne maimakon can gaba, to mai ya kusa ƙarewa. A baya kuma mata uku sun ɓalle daga ayari, sun ajiye doka a gefe don wuya, suna karɓa-karɓa, ratar na raguwa a kan idon kowa. In suka kamo su, magana ta koma gudun ƙarshe, kuma an san yadda wannan ke ƙarewa.

Thibault ya hau kan akwatin ƙanƙara yana daga hannu. "Zauna nan, Capucine! Kada ki motsa! Bar ta ta ƙarasa kanta!"

Ko yarinyar ta ji shi ko ba ta ji ba, Allah masani. Abin da aka gani shi ne, da suka zo daidai tulu na biyu, baƙar hular Capucine ta fito daga bayan fara, ta jera da ita ɗan lokaci, sannan ta wuce gaba. Wataƙila ta ji tafiyar ta yi sanyi ne ta ƙosa, don shekara goma sha tara ba ta san jira ba. Wataƙila ta waiga ta ga masu zuwa ta yi nata lissafin. Manya sun daɗe suna kiran irin wannan wauta, har sai ta yi nasara su ce dama sun faɗa.

"Wa ya aike ki!" Thibault ya yi tsalle har akwatin ya kife. "Wa ya ce ki yi gaba! Kashe ni za ki yi, yarinyar nan!"

Farar hula ta zame a hankali ta shige bayan baƙa, ta kwanta a kan kumfa, daidai inda ta fi sani a duniya. Maryvonne ta miƙe tsaye, dariya ta kama ta har da hawaye.

"Ɗan nan, sauko kar ka faɗa ruwa a kore ku. Kaska ta samu kare."

"Madam, don Allah ki bar ni."

"Ka ƙara wannan a bidiyon Laraba."

Bayan shayarwar ƙarshe ba sauran aiki a dandamali, sai kowa ya ruga bakin tafki inda aka rataye allon da ake mara da hannu a gama. Maryvonne ta yi gudun da rabonta da shi tun Soizic na rarrafe, sanda a kafaɗa, tuta na kaɗawa, mutane na kaucewa kar ta tsokane musu ido. Ta iso tana haki, ta kutsa har gaban igiya.

Capucine ta riga ta saki wuta. Da aka shigo tsakanin igiyoyin ƙarshe ta tsere wa Soizic kamar ba tare suka yini ba, ta mari allo ita kaɗai. Wannan ba wanda ya yi mamaki. Idon kowa na baya. Soizic na tahowa, hannu na tashi da ƙyar, ba ƙafar da za ta bi kuma. A bayanta ɗaya daga cikin ukun nan, wata mai rawayar hula, ta baro 'yan uwanta tana cin ruwa kamar injin.

Maryvonne ba ta san me take faɗa ba. Daga baya aka gaya mata da yaren kakarta take ihu, wanda ita kanta ta ɗauka ta manta. Rawayar hula ta kai gwiwar Soizic, ta kai ƙugunta. Sai hannu ɗaya ya tashi, a karkace, kamar ba na mai shi ba, ya mari allo. Na biyu ya biyo baya, tsakaninsu bai fi a ce tak ba.

Aka yi jiran alƙalai su duba hoto. Sannan lasifika ta kira sunaye: Capucine ta ɗaya, Soizic Kerbrat ta biyu.

Mutum biyu suka ciro Soizic daga ruwa don ƙafafunta sun ƙi. Aka naɗe ta da bargo aka zaunar a kan ciyawa, haƙoranta na haɗuwa, tafin hannunta ya yi fari ya yamutse. Maryvonne ta durƙusa ta cire mata hula.

"Soizic, kofin nan na bakwai, ni ce na..."

"Gobe, Mama. Gobe za mu yi faɗan. Yau ba ni da ƙarfi."

Ko wannan kuskure ne ya hana ta zinariya, ko shi ya kawo mata ƙafar da ta ja ta zuwa gida, har yau ana musu a kai a shagon, kuma uwa da 'ya kowace takan canza ɓangare gwargwadon wadda ta fara magana.

Can sai ga Capucine ta taho cikin nata bargon, tana tafiya kamar sabon ɗan maraƙi. Ta tsaya tana murza yatsu.

"Madam Kerbrat, ina so in ce..."

"Madam tana nan durƙushe," in ji Soizic. "Ni Soizic ce. Kika ƙara ce min Madam sai na nutsar da ke."

"Hotonki na manne a bangon ɗakina tun ina firamare."

"Shi ya sa ke ma kika manne min? Farcenki ya kusa cire min dunduniya. Zauna kar ki faɗi." Yarinyar ta zauna. Soizic ta jingina da kafaɗarta, ido a rufe. "Can Turai akwai wasu 'yan Jamus biyu da wata 'yar Italiya, ba su da imani ko kaɗan. Zan nuna miki su. Kin iya dukan gwiwar hannu ba tare da alƙali ya gani ba?"

"A'a."

"Kocinki me yake koya miki ne?"

Maryvonne ta bar su, ta koma gefe inda hayaniya ta yi sauƙi, ta ciro waya ta kira Nolwenn, matar ƙanenta, wadda ta bar wa shago.

"To? To? Yi magana mana, tun rana nake ƙona fanke!"

"Ta biyu."

Ihun da ya fito daga wayar sai da ta janye ta daga kunne. Da ya lafa ta ce, "Saurara, Nolwenn. Gasar Turai a tsakiyar Agusta take. Za mu rufe shago mako guda, ke ma da ke za a tafi."

"Agusta? Maryvonne, kanki ɗaya? Lokacin da 'yan Paris masu zuwa hutu suka cika gari, layi har bakin titi?"

"Su yi layin. Teku na nan, su kalla kafin mu dawo."